An Ƙirga Maɓallan Bature, An Tsoma Sauran A Gwangwani



Maganar yau wasu za su ce ba ta shafe mu ba. Ku ɗan yi haƙuri ku bi mu zuwa ƙarshe, sannan ku yanke hukunci.

A Ingila da Amurka da Jamus da sauran ƙasashen Turawa akwai dubban magidanta, masu gemu da iyali, da ke raba dare suna shafa wa 'yan mitsi-mitsin sojoji fenti. Yawancin sojojin nan tsayinsu milimita 28 ne, ko tsinken ashana ya fi su. Ana zuba su da roba ko da kuza. In an gama fentinsu sai a jera su a kan teburin da aka mayar filin daga, da tuddai da itatuwa da rafuka, a ɗauko 'ya'yan ludo masu ɗigo-ɗigo da tef ɗin awo irin na tela, a gwabza yaƙi bisa ƙa'idojin da ke cikin littafi. Ƙorafinmu a kan wani ɓangare ne na wannan harka, wato ɓangaren yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. A can ne ake bai wa sojan Bature awa guda na aikin buroshi, shi kuwa Bazulu ko Basudane a tsoma shi cikin gwangwanin fenti a kakkaɓe. Mun ce wannan rashin adalci ne, kuma raggon aiki ne ko a ma'aunin su masu sana'ar.

Kafin wani ya ce wasan yara ne, ga tarihinsa a taƙaice. A 1824 wani hafsan sojan Furusiya mai suna Reisswitz ya gabatar wa manyansa wasan yaƙi na kan taswira, rundunar ta karɓe shi ta riƙa horar da hafsoshi da shi. A 1913 marubuci H. G. Wells ya fitar da Little Wars, littafin ƙa'idojin yaƙi da sojojin dalma. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da kowa ke ɗaukar matsayin jarumi ɗaya a cikin labari, kuma daga wasan yaƙin tebur ya tsiro. A 1975 aka kafa Games Workshop a Landan, ya fitar da Warhammer a 1983, ya fara gasar fenti ta Golden Demon a 1987. Yau hedkwatarsa na Nottingham, kuma a ƙarshen 2024 ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Abin da ya kai kamfani wannan matsayi ya wuce a kira shi wasan ƙasa.

Shi kansa aikin fentin ba na mai gaggawa ba ne. Za a fara kankare layin da mazubi ya bari a jikin siffar da bakin wuƙa. A fesa mata shafen farko, fari ko baƙi ko toka, don fenti ya kama. Sai a bi kowane sashe da launinsa, a tsarma fentin da ruwa a shafa sau biyu ko uku, domin in ya yi kauri zai cike idanu da ninkin tufafi. Daga nan a zuba wani tsinkakken fenti mai duhu da ke gangarawa cikin lunguna ya zama inuwa. Sai a dawo da bakin buroshi mai tsinin allura a ɗora haske a kan hanci da kafaɗu da gefen takobi. A ƙarshe a manna yashi da busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin ƙafafu, a rufe da mai don kada hannu ya goge aikin. Gwani na iya kwana da kwanaki a kan soja ɗaya.

To, duba yadda ake raba wannan ƙwazo. Ɗauki yaƙin Turawan Ingila da Zulu na 1879, wanda fim ɗin Zulu na 1964 ya sa 'yan wasan suka ƙwallafa rai a kansa. Duk mai fentin da ya san kansa zai gaya maka cewa sojojin runduna ta 24 jar riga suke sawa mai koren kwala, kuma farar hular kwanonsu sun rina ta da ruwan shayi don kada ta riƙa ƙyalli a daji. In ka koma yaƙin Sudan, za ka tarar ana ta musu a kan wace bataliya ce ta sa toka-toka, wace ce ta sa kaki, da kuma cewa a Ginnis, a Disambar 1885, aka yi wa jar riga ganin ƙarshe a fagen fama. Ana buga littattafai masu zane kala-kala a kan maɗauri da jaka da igiyar kafaɗa. Ba mu ga laifin wannan ba, bin diddigi abin yabo ne.

Amma idan aka juyo kan abokan karawarsu sai salon magana ya canza. Abin da za ka fi ji shi ne dabarar gama mutum ɗari a ƙarshen mako guda. A jera su a kan katako, a fesa musu ruwan ƙasa gaba ɗaya, a ɗiga fari a zane, a ɗiga azurfa a bakin mashi. Wani kamfani na ƙasar Denmak, The Army Painter, yana sayar da gwangwanin wani ruwa mai duhu da ake tsoma siffa a ciki a girgiza, inuwa ta zauna da kanta. Gaskiya ne ana tsoma kowace irin runduna a ciki. Tambayar ita ce, ranar da lokaci ya ƙure wa mai fenti, wa yake fara jefawa a gwangwani? Kyaftin mai gashin baki ko mai riƙe da garkuwar fata? Kowa ya san amsar.

Abin ya faro tun daga kan kwalbar fentin. Kamfanin Vallejo na Sifen yana da launin da sunansa ke nufin launin fata na asali, kuma in ka buɗe za ka ga fatar Bature ce. Shekara da shekaru launukan da Citadel ya laƙaba wa sunan fata, irin su Cadian Fleshtone da Kislev Flesh, duk masu haske ne, wanda ke son baƙin mutum sai ya nemi fentin da aka yi don bel ko sirdi ko itace. Daga baya ne aka ƙaro masu duhu. Kamfanin Crayola mai yin alli mai launi na yara ya gane wannan tun 1962, ya cire sunan fata daga kan allinsa ya sa masa sunan 'ya'yan itace. Masu fentin sojoji sun makara da shekaru masu yawa.

Sakamakon kuwa a fili yake. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli baƙar fata ba, in zai haska ta sai ya zuba fari a cikin ruwan ƙasa, fuska ta fito fururu kamar ta wanda ya kwana a hunturu bai shafa mai ba. Gwanayen da suka damu sun san ba haka ake yi ba: inuwar baƙar fata tana son ɗan ja ko shunayya, haskenta kuma yana son ruwan goro ko ruwan zuma. Mu da ke da baƙi wuluk da wankan tarwaɗa da ja da fari a gida ɗaya mun san babu wani launi guda da za a fesa wa mutum ɗari a ce an gama.

Sai kuma littattafan ƙa'ida, waɗanda su ke koya wa mai fenti wa ya kamata ya ɓata wa lokaci. A The Sword and the Flame na Larry Brom, wanda ya fito a 1979, kowane rukuni mutum 20 ne, amma na Ingila yana da shugabanni biyu, hafsa da saje, na 'yan ƙasa kuwa shugaba ɗaya. A The Men Who Would Be Kings na Daniel Mersey, wanda Osprey ya buga a 2016, sojan horo mutum 12 ne a rukuni, waɗanda aka kira dakarun ƙabila kuma 16. Littafin har da wani tsari da ake kira Mista Babbage, inda 'yan wasa za su riƙe ɓangaren Turawa, su kuma 'yan ƙasa 'ya'yan ludo ne ke tura su, suna ɓullowa daga daji suna rugowa. A irin wannan wasa mutanen da aka zo ci da yaƙi a ƙasarsu sun koma kamar ruwan sama ko farin ɗango, abin da ke afkowa ba tare da tunani ba. Wa zai zauna ya zana wa fara idanu?

Za su ce mana yawa ne ya jawo. A Rorke's Drift Turawa wajen 150 ne, Zulu kuwa dubu uku zuwa huɗu, wa zai iya yi wa kowa aikin gwaninta? Wannan hujja tana da ƙafa, amma gurguwa ce. Masu fentin yaƙin Napoliyon su ma ɗaruruwa suke jerawa, kuma ba za ka ga wanda ya fesa wa sojan Faransa shuɗi ya ce ai duk ɗaya ne ba. Zai bambance masu jan geza a kafaɗa da masu kore, ko da zai kai shekara yana yi. Yawa bai hana shi ba saboda ya yarda bambancin yana da ma'ana. Nan ne gizo ke saƙar.

Kuma bambancin yana nan a ɗaya ɓangaren, ga duk mai son gani. Rundunar Zulu rukuni-rukuni ce bisa tsarar haihuwa. Launin garkuwa na nuna matsayi: manyan da suka daɗe suna fama garkuwarsu ta fi fari, samari marasa aure tasu ta fi baƙi. Magidanci yana da zoben da ake ɗaura masa a gashin kai, saurayi ba shi da shi. Waɗannan mutane ne suka shafe sansanin Ingila a Isandlwana ranar 22 ga Janairun 1879, suka kashe sama da mutum 1,300, da dabarar ƙirji da ƙahoni biyu ta zagaye abokin gaba. Gayyar 'yan tarzoma ba ta yin haka.

Haka Ansaru na Mahadin Sudan. Jibbarsu mai faci-faci alama ce ta gudun duniya, kuma ta canza da zamani: a farko tsumma ce ta gaske, a zamanin Halifa Abdullahi kuma ta zama ɗinkakkiyar riga mai faci masu launi a jere, ta amirai ta fi ado. Rundunar ta kasu ƙarƙashin tutoci: baƙa ta Halifa Abdullahi, koriya ta Ali wad Hilu, ja ta Muhammad Sharif. Akwai 'yan bindiga da ake kira jihadiyya, masu riƙe da Remington irin waɗanda aka ƙwace daga rundunar Hicks a Shaikan a 1883. Akwai Hadandawa na gabas, mutanen Usman Digna, da suka fasa sahun Ingila a Tamai a 1884. Sunan ba'a da sojan Ingila ya laƙaba musu saboda sumarsu har yau yana yawo a bakin 'yan wasan, ga shi suna da sunansu na yanka. Ranar 2 ga Satumbar 1898 a Karari, kusa da Omdurman, bindiga mai ruwa da igwa suka kashe Ansaru wajen dubu goma, ɓangaren Kitchener kuwa bai rasa mutum 50 ba. Mai fenti zai zauna ya fito da kowane doki na rundunar da Churchill ya yi sukuwa a cikinta ran nan. Mutum dubu goman fa?

Za su kuma ce akwai masu yin aikin da kyau. Ƙwarai akwai. Tagwayen nan Alan da Michael Perry sun sassaƙa Ansaru da Zulu da kulawa, kuma akwai masu fentin da ke bin launin kowace garkuwa da kowace tuta. Samuwarsu ita ce babbar hujjarmu, domin sun nuna abin mai yiwuwa ne, saura kuwa zaɓa suka yi su ƙi. Harkar ma ta nuna tana jin magana in an matsa. Citadel ya taɓa sayar da wasu siffofin baƙaƙen wadanni na izgili a shekarun 1980, ya daina. A 2020 kamfanin da ke da Dungeons & Dragons ya sanar zai gyara yadda yake nuna wasu jinsunan halittu masu duhun fata a matsayin miyagu tun daga haihuwa. Wanda ya iya gyara wa dodon tatsuniya suna zai iya gyara wa mutumin da ya taɓa rayuwa.

Za su ce wasa ne kawai. To, mutum nawa ne a Ingila suka karanta littafin tarihin Mahadiyya? Da yawa daga fim da tebur suka san ta. Wanda ya shafe wata uku yana fentin runduna, siffarta ta zauna masa a ka fiye da abin da malami ya faɗa a aji. In abin da ya zauna shi ne Bature mai suna da muƙami a gefe guda, tarin ruwan ƙasa a ɗaya gefen, to darasin da Lugga da Kitchener suka so a koya ke nan, an koyar da shi ba tare da an buɗe littafi ba.

Yanzu ga inda abin ya iso ƙofar gidanmu. Zamanin da waɗannan wasanni ke kwaikwayo shi ne zamanin da aka ci ƙasarmu. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairun 1903 a hannun Kanar Morland. Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris a filin Giginya. A Burmi an kori harin farko a watan Mayu, sannan ranar 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma bai koma gida ba. Ɗan Attahiru, Mai Wurno, ya wuce gabas da sauran jama'a, garin da suka kafa a bakin Shuɗin Nilu yana nan da sunansa. Tun kafin nan Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi musayar wasiƙu da Mahadi daga Balda a ƙasar Adamawa. Ansarun da ake tsomawa a gwangwani ba baƙinmu ba ne. Kuma a harkar akwai al'adar aro: in ba a sami siffar wata runduna a kasuwa ba, sai a ɗauko mai kama da ita a canza mata fenti. Da wannan al'ada baraden Sakkwato za su iya wayar gari Larabawan Sudan ne aka shafa wa shuɗi.

Alhali abin da mai fenti zai samu a nan ya fi ƙarfin buroshinsa. Ga 'yan lifidi, su da dawakinsu cikin kauri mai cushe da auduga. Ga masu sulke da kwalkwali mai gashin jimina, kayan da Tarihin Kano ya ce tun zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da su. Ga 'yan baka da kwari a kafaɗa, ga 'yan bindiga, ga dakaru masu takobi da garkuwa. Ga Madawaki, ga Barde, ga Sarkin Baka, kowa da matsayinsa a sahu. Ga rawani ɗan Kura da ke ƙyalli don tsabar bugu, launin da ba baƙi ba ne ba kuma shuɗi ba, wanda zai sa gwanin Golden Demon ya yi gumi. Dokin ma ba doki kawai ba ne: akwai kili, akwai akawal, akwai bidi, akwai danda. Sannan ga abin da ya fi ciwo, wanda tebur mai Bature a dama da 'yan ƙabila a hagu ba zai iya nunawa ba. Turawan da suka zo Kano 'yan tsiraru ne. Ɗaruruwan sojojin da suka ɗauki bindigogin baƙaƙe ne, da yawansu Hausawa, tsatson rundunar da Glover ya fara tarawa a Legas a 1863. Duk wanda zai yi fentin wannan yaƙi da gaskiya, fuska iri ɗaya zai zana a ɓangarorin biyu.

Mun san akwai mai cewa ina ruwanmu da mutum-mutumi. Hukuncin sassaƙa da ajiye siffa magana ce ta malamai, mun bar musu, kuma ba mu ce kowa ya je ya sayi buroshi ba. Amma ko mun taɓa ko ba mu taɓa ba, ana yi. Yanzu ma da injin buga siffa ya shiga gidajen mutane, duk mai kwamfuta zai iya zana barde ya sayar wa duniya ta intanet. In ya tashi nema, abin da zai tarar shi ne rahoton hafsoshin da suka yi harbin da littattafan Turanci irin na Muffett na 1964 da na Smaldone na 1977. Littattafai ne masu amfani, amma ba su isa su gaya masa yadda ake naɗa amawali ba, ko yadda lifidi ke zama a jikin doki in ya yi gumi. Wannan sani yana wurin masu hawan sallah a Kano da Katsina da Zazzau, yana Gidan Makama, yana bakin tsofaffin da ke ɗinka kayan doki. Mai alƙalamin da ya je ya tambaya ya rubuta, ya sa hoto ya sa suna, ya toshe wa rago hanyar cewa bai samu ba.

Abin da muke nema a wurin masu fentin kuwa bai da yawa. Ma'aunin da suka ɗora wa kansu a kan runduna ta 24, su ɗora shi a kan waɗanda suka tsaya a gabanta. Su kira mutane da sunansu. Su san tutar da suke zanawa ta wace ce. In za su ba kyaftin suna da tarihi, su ba amiri. In lokaci bai isa ba, a rage yawan sojojin a yi su da kyau, ko kuwa a tsoma kowa da kowa a gwangwani ɗaya, har da Kitchener.

Wanda ke ganin mun tsaurara, fili nasa ne, ya kawo hujja mu ji. Wanda kuma gidansu ke da sulke ko kwalkwali na gado, ya daure ya tambayi manya labarinsa tun suna raye.

Allah ya sa mu dace. Sai mako na gaba in mai duka ya kai mu.